Ganye Bakwai da Na Cire Daga Littafin Baffa

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Allah ya jiƙansa, ya sa inda ya tafi ya fi masa inda ya bari. Kwana uku muka yi a zauren gidanmu na Jakara muna karɓar gaisuwa, kuma a kwana ukun nan na ji an yabe shi da halaye iri-iri, waɗanda da yana zaune a wurin da ya nemi a kawo shaida.

Wani dattijo daga Zaitawa ya ce marigayi mutum ne mai kawar da kai. Muka ce haka ne, don ba a gardama a zaman makoki. Amma Baffa bai taɓa kawar da kai daga komai ba. Ko ɗigo ya ga an ɗora wa harafin da ba nasa ba, sai ya tsaya a kansa kamar wanda ya tarar da akuya a masallaci. Wani kuma ya ce bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Mai wannan magana fatu yake sayarwa a kasuwar Kurmi, bai taɓa rubuta littafi ba, saboda haka ta ɓangarensa gaskiya ya faɗa. Majema da marina sun zo da yawa, ba su yi dogon zance ba. Na ga ɗaya daga cikinsu ya ɗage ƙafar wandonsa yana nuna wa na kusa da shi tabo a ƙwauri, ya ce, “Shi ya cire mini kurkunu, kwana ashirin yana zuwa.”

A rana ta uku wani babban malami ya zo daga Gwale. Shekarun baya ya wallafa littafi a kan lissafin taurari da lokacin saukar damina, ya kawo wa Baffa ya duba, abin da ya biyo baya kuwa shi ne shekara biyu ba ya amsa sallamar Baffa sai da gefen baki. Ya yi addu'a, aka shafa, mutane suka ragu, shi bai tashi ba. Can ya juyo wurina.

“Akawu, ka san abin da ya same ni?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, rashin na kowa ne.”

“Daga yau duk abin da na rubuta daidai ne,” in ji shi. “Babu sauran mai ce mini a'a a garin nan.”

Maganarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron nan da shekara goma a riƙa tuna Baffa a matsayin wani tsoho mai sanyin hali da ɗingishi, alhali ba shi ke nan ba. Kuma akwai abin da ni kaɗai zan iya faɗa, tun da ni na aikata shi.

Baffa yayan mahaifina ne. Ba shi da babbar makaranta, ba ya hawa wa'azi, bai taɓa neman alƙalanci ba. Abin da aka san shi da shi a birni shi ne karanta abin da wasu suka rubuta. Al'adar malamanmu, in mutum ya wallafa littafi sai ya kai wa wani malami ya rubuta masa 'yan layukan yabo a ƙarshe, abin da suke kira taƙarizi, sannan masu kwafa su kwafa. Mai littafin yakan zo da goro, ya zauna a gabanka yana karanta fuskarka kana karanta littafinsa, kai kuma ka ce kogi ne, ka ce fitila ce, a yi fatiha a tashi. Baffa yakan karɓi goron, ya ce a bar littafin. Bayan wata guda ya mayar da shi a ɗaure cikin gafakarsa ta fata, gefen kowane ganye cike da jar tawada: nan ka yi daidai, nan da sauran magana, wannan a ina ka samo shi, da idonka ka gani ko a bakin wani ka ji?

Abin da ba a faɗa ba a zaman makokin, don waɗanda suka sani ba za su so a sani ba, shi ne bai taɓa yi wa mutum gyara a gaban jama'a ba. In aka tambaye shi a zaure yaya littafin malam wane, sai ya ce, “Ina kan karantawa.” Akwai littafin da ya fi shekara goma yana kan karantawa, har mai shi ya rasu da mutuncinsa.

Shi kansa littafi ɗaya ya rubuta, kuma a kan kurkunu ne. Yana saurayi tsutsar ta fito masa a idon sawu, mai cirewa ya yi gaggawar ja ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura ta kwantar da shi damina guda, ya tashi da ɗingishin da bai rabu da shi ba har kabari. Mutanen unguwa suna da bayani iri-iri a kan ciwon. Wasu su ce taka ruwan kududdufi ne, wasu su ce jijiyar mutum ce ke fitowa, wasu su ce aike ne. Baffa ya lura da wani abu tun da wuri: fataken da suka dawo daga ƙasashen kurkunu ba sa kwanciya a wannan shekarar, sai wata damina ta zagayo. Ya yi zaton abin a ruwan sha yake, kuma sai ya shekara a jiki kafin ya leƙo. Sai ya ware wa kowane gida na kewayenmu ganyen takarda guda. A ina suke ɗebo ruwa, rijiya ko kududdufi. Suna tacewa da ƙyalle kafin a zuba a randa ko ba sa yi. Wa ya kwanta, a wace damina. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki.

Namiji ba ya shiga gidan mutane ya leƙa randa, saboda haka rabin littafin na Gwaggo ne, ƙanwarsa, wadda ungozoma ce, babu ƙofar da ake rufe mata. Takan je wankan jego ko suna, ta ce a ba ta ruwa, ta bi mai ɗebowa da ido, ta dawo ta tsaya a ƙofar zaure ta ciki.

“Yaya, gidan maƙera sun ce suna tacewa.”

“Sun ce, ko kin gani?”

“Na ga ƙyallen a rataye. Ya bushe ƙayau, har gizo-gizo ya yi aure a kai ya haihu.”

“To, ba sa yi.” Ya tsoma alƙalami.

Ni kuwa an kai ni makarantar boko tun lokacin da ake kai yara ana kuka a gida, na fito na zama akawu kuma tafinta ga wani likita Bature, shi ya sa kowa a gida Akawu yake ce mini. Likitan nan mutum ne mai son tambaya. Wata rana ya ga wani majemi da tsutsa a naɗe a tsinke, naɗi mai tsabta, an rufe da ƙyalle wankakke, ya tambayi wanda ya yi. Na ba shi labarin Baffa da littafinsa. Ranar Asabar sai ga shi a zaurenmu, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma kamar raƙumin da aka durƙusar ba shiri. Baffa ya yi ta buɗe masa ganye, ina fassarawa, har inuwa ta juya. A ƙarshe Likita ya ce wannan abu ya kamata a aika wa wata mujalla ta likitoci a ƙasarsu, a buga da sunan Baffa.

Baffa ya ce, “Wa zai yi masa taƙarizi a can? Ba su san ni ba, ba su san malamaina ba.”

Likita ya ce ba haka ake yi ba. In takarda ta isa, mai kula da mujallar, edita suke ce masa, ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Yakan aika wa mutum biyu da suka san fannin, kowa daban, wannan bai san da wancan ba. Su karanta, su rubuta abin da suka ga ya tsaya da abin da bai tsaya ba, su ce a buga, ko a gyara tukuna, ko a mayar wa mai ita kayansa. Edita ya cire sunayensu ya aiko wa marubuci maganarsu. Marubuci ya amsa ɗaya bayan ɗaya, a sake mayar musu su ga ko amsar ta riƙe ruwa.

“Mai littafin ba ya zama a gabansu suna karantawa?”

“Ko garinsu ba ya sani,” na fassara.

“Goro fa?”

“Babu goro. Ba a ba su komai.”

“In sun ce a'a, babu mai daina amsa musu sallama?”

Likita ya yi dariya ya ce ai ba a san wanda za a daina amsa wa ba. Baffa ya ɗaga kai yana kallon azarar zaure kamar wanda aka yi wa bayanin wata unguwa a Aljanna. Sannan ya ce, “Akawu, tambaye shi ko suna neman ƙarin mutum.”

Daga bayan asabari Gwaggo ta ce, “Mutumin da zai soki aikinka ya ɓoye sunansa, a garin nan munafuki muke ce masa.”

“Wanda ya soka da sunansa ma, ai na ji abin da kuke ce masa,” in ji Baffa.

Aka bar mini aikin juya littafin daga ajami zuwa Turanci, in taƙaita shi, don Likita ya ce mujalla ba ta ɗaukar dogon zance. Baffa ya miƙo mini gafakar gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. A cikin ganyayen na tarar da guda bakwai an ɗaure su daban da zare. Gidaje ne da Gwaggo ta gani da idonta suna tace ruwa, ba sau ɗaya ba, amma duk da haka kurkunu ya fito wa wani a cikinsu. Gefen kowane ganye da ƙananan rubutu na jar tawada a cunkushe.

A makaranta an koya mana cewa kyakkyawan rubutu magana ɗaya yake kamawa ya bi ta har ƙarshe, ba ya miƙa wa abokin gardama sanda. Na ci kyautar wuƙar fiƙe fensir a kan wannan darasi. Na hango Turawa biyu marasa suna sun kai ga ganyayen nan sun taɓe baki sun ce tsohon da kansa ya rushe maganarsa. Sai na zare su, na ajiye a alkukin ɗakina bayan fitila, da niyyar in mayar da su gafaka in an buga. Jan rubutun ko karanta shi ban yi ba, tun da na riga na yanke masa hukunci. Ban gaya wa kowa ba. Likita ba ya karanta ajami, Baffa ba ya karanta Turanci, ni kaɗai ne ƙofar da ke tsakaninsu, kuma na saya ta yadda na ga dama.

Takarda ta bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, ta bi na ruwa. Damina ta zo ta wuce. Baffa bai taɓa tambayata ko an ji labari ba. Sai dai duk ranar da jirgin wasiƙu ke shigowa, nakan tarar da shi a dakalin ƙofar gida lokacin tashina daga aiki, yana gyaran wani alƙalami da ba ya bukatar gyara.

Ranar da amsa ta zo, bayan la'asar na karanta masa a zaure, Gwaggo tana zaune a bakin ƙofar ciki tana tsinkar zogale. Mai dubawa na farko rabin shafi ya rubuta. Ya ce maganar ba sabuwa ba ce: an riga an gano cewa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne a ruwan kududdufi ke haɗiye 'ya'yan tsutsar, mutum ya sha shi, kuma ƙyalle yana tare shi. Amma ya ce bin gidaje shekara da shekaru haka abu ne da ba kowa ya yi ba, ana iya bugawa in an gyara. Na karanta wannan murya ƙasa-ƙasa, ina jiran ran tsoho ya ɓaci.

“An riga an sani?”

“Haka ya ce, Baffa.”

“Alhamdu lillahi. Ashe ba ni kaɗai nake hauka ba. Karanta na biyun.”

Na biyun shafi huɗu ne, tambayoyi a jere. Tun a tambaya ta biyu Baffa ya gyara zama kamar wanda aka ajiye wa tuwo. “Wannan ya karanta,” in ji shi. Da na zo inda mutumin yake tambayar yadda aka tabbatar cewa gidajen kullum suke tacewa, Gwaggo ta ajiye faifai.

“Ka ce masa ni na gani. In yana da ƙafa ya zo in zaga da shi.”

“Tambayarsa daidai ce,” in ji Baffa. “Kin gani ranar da kika je. Sauran ranakun fa?”

“To shekara talatin me ya hana ka tambaya?”

“Ba ta zo mini ba. Shi ya sa ake ba wani ya duba.”

Tambaya ta ƙarshe na fara karanta ta a zuci, na tsaya. Wallahi na yi tunanin in ce gaisuwar rufe takarda ce. Duk Jakara babu mai kama ni. Ban san abin da ya hana ni ba, wataƙila yadda ya karkato da kunnensa ne. Na ce, “Ya ce a duk tsawon shekarun nan, ba a sami ko gida ɗaya da ke tace ruwa kuma kurkunu ya fito musu ba? Ya ce shi bai taɓa ganin ciwo mai biyayya haka ba. Ko dai marubucin bai duba ba, ko ya gani bai faɗa ba, kuma sai an san wanne ne kafin a yarda da sauran.”

“Sake karantawa.”

Na sake.

“Gidan majema na bakin kududdufi ba ya ciki?”

“Ba ya ciki, Baffa.”

“Gidan mai tabarma?”

“Shi ma ba ya ciki.”

“Duka bakwai ɗin?”

“Duka.”

“Likita ne ya ce a cire?”

“Ni ne. Don kada su raina aikin.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya ce, “Akawu, waɗannan bakwai ɗin su ne littafin. Sauran duk ni ne nake gaya wa kaina na yi daidai. Je ka ɗauko su.”

Na je na kawar da fitila na sa hannu a alkuki. Damina guda ta wuce a kansu a jikin bangon ƙasa. Gara ta bar mini zaren, da wata jar ƙasa mai laushi da ta ɗauki siffar takarda, ina taɓawa ta zube. Na kawo zaren na ajiye a gabansa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce in je in yi alwala magariba ta kusa.

Kusan wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da ya sa ya sake yi mini magana shi ne yana son ganin ƙwaron nan, kuma ba shi da wani tafinta. Muka ɗebi ruwan kududdufi a kwalba muka kai wa Likita, ya ɗiga a gilashi ya sa a ƙarƙashin madubinsa na ganin ƙananan abubuwa. Baffa ya kafa ido ɗaya ya daɗe a sunkuye, har na ji tsoron bayansa. Da ya ɗago sai ya ce, “Wannan ɗan abin ne ya gurgunta ni? Ko kunya ba ya ji, sai tsalle yake.” Ya sake sunkuyawa.

A nan ya zauna ya yi mini shiftar amsa. Ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, inda yake da amsa ya bayar, inda ba shi da ita ya ce ba shi da ita. A ta ƙarshe ya ce a rubuta: mai dubawa ya yi gaskiya, akwai gidaje bakwai irin waɗanda yake nema, an rubuta su, ganyayen sun lalace, muna roƙon damina biyu mu sake bin su. Likita ya tambayi yadda aka yi suka lalace. Baffa ya ce, “A hannunmu suka lalace.” Na fassara “mu” ɗin nan yadda ya faɗe ta. Na yi tafinta a gaban masu mutuwa da masu haihuwa, ban taɓa ɗaukar kalma mai nauyinta ba.

Daga baya edita ya amsa ya ce za su jira.

A hanyarmu ta komawa gida daga wurin Likita ran nan na tambaye shi abin da jar tawadar ganyayen nan bakwai ta ce.

“Zato ne.”

“Wane zato, Baffa?”

“In na gaya maka za ka gaya wa Gwaggonka, ita kuma ta shiga gidajen ta yi tambaya yadda za a miƙo mata shi. Mutanen nan suna jin nauyina. Duk abin da suka ga ina so, shi za su tuna. Bari mu ji daga bakinsu tukuna.”

Bai yi musu ƙarya ba. Muka fara da gidan majema. Tsohuwar da ke kula da randa a shekarun can ta rasu, ɗanta ya fito ya durƙusa.

“Allah ya gafarta Malam, yadda ka rubuta haka aka yi.”

“Ai abin da na rubuta ɗin ne ya ɓata.”

“To duk yadda ka tuna, haka ne.”

Mai tabarma ya koma ƙauye, ba wanda ya san wanne. A wani gidan 'yan'uwa mata biyu suka kusa dambe a gaban Gwaggo a kan ko ƙaninsu ya kwanta kafin soron tsakar gida ya faɗi ko bayan ya faɗi. Gwaggo kanta tana tuna fuskoki da ƙafafu, har da wadda aka yi wa lalle a kan miki, amma shekarun sun manne mata da juna. Gwiwoyinta ma sun fara ƙin lungu. Baffa ya ce to a bar na baya, a fara sabon lissafi da gidajen da ke tacewa yanzu. Sai dai ruwan da aka sha bana, baɗi ne zai ba da labari. Kurkunu ba ya sauri don mai jiransa ya tsufa.

Ana cikin haka aka ja ruwan famfo zuwa cikin birni. Gidajen da muke bi suka fara aikawa a ɗebo musu can, yau famfo, gobe kududdufi in layi ya yi tsawo, ƙyallen ma aka daina nemansa. Lissafin ya dagule ta yadda ba mai warware shi. Na zo ina ƙorafi, Baffa ya ce, “Kana baƙin ciki yara za su daina gurguncewa? Allah ya sa littafin duka ya zama banza ta wannan hanya.” Ya faɗa da gaske. Amma washegari da hantsi na gan shi da sandarsa a ƙofar gidan marina yana tambayar ranar da suka fara shan famfo.

Damina ɗaya muka samu. Da bazara ya kwanta. Likita ya zo duba shi, ya ga yadda jikin yake, ya kawo shawara a aika da gajeriyar takarda, a sa abin da Gwaggo ke iya tunawa na gidaje bakwai ɗin, ko ba komai sunan Baffa ya shiga mujalla yana raye. Na fassara wannan da duk zaƙin da Allah ya ba harshena, na ƙara da nawa.

“Ka gode masa,” in ji Baffa. “Tunawa daban, gani daban.” Ya kama hannun rigata. “Kai kuma kada ka cike gurbin da ka. In ba a samu ba, a bar shi.”

Na ce, “To zaton nan fa, Baffa? Ko shi ka bar mini.”

Ya yi murmushi. “Saura damina ɗaya, Akawu. Ka cika gaggawa.”

Da gaske yake, yana ganin zai kai. Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Ana saura mako guda sadakar arba'in wata ambulan ta zo daga edita. Mai dubawa na biyu ne ya rubuto, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce gidajen nan bakwai sun hana shi sakat. Yana roƙon a tambayi marubucin ko mutanen da suka kwanta a gidajen sun sha ruwa a wani wuri shekarar da ta gabaci ciwon, a gona, ko a hanya, ko a wurin sana'a. In haka ne, ya ce, to gidajen nan su ne mafi ƙarfin shaidarsa. Ya ce yana jiran amsa, kuma in maganarsa ta farko ta yi kaushi a yi masa afuwa, aikin ne ya ga ya cancanci a matsa masa.

Na shiga ciki na karanta wa Gwaggo. Tana zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe.

“Shi ne zaton Yaya?”

“Ban sani ba, Gwaggo.”

“Majema kam a bakin kududdufi suke wuni. Mai tabarma kuma kullum yana hanyar kaba.”

“Na sani.”

“To rubuta mana.”

“Ba mu gani ba, Gwaggo. Ba mu san shekarar ba, ba mu san wanda ya sha ba.”

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Na zaci za ta tuna mini wanda ya jawo, tana da haƙƙi. Ba ta yi ba. Ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya ko da yake ba ta san harafi ɗaya a ciki ba.

“An aika Gwale da labarin rasuwa, an aika Zaitawa, har Zariya an aika,” in ji ta. “Wannan fa, an gaya masa?”

“Za a rubuta wa edita.”

“Ba editan na ce ba. Shi. Duk garin nan wa ya zauna ya karanta Yaya kamar yadda ya karanta shi? Mutum yana can yana jiran amsar mamaci. Ai shi ya kamata a yi wa gaisuwa.”

Washegari na zauna a gaban keken rubutu na rubuta wa mutumin da ban san sunansa ba. Na gaya masa marubucin ya rasu, tambayarsa ta iso, babu sauran mai amsa ta. Na gaya masa wanda ya cire ganyayen da dalilinsa, don kada ya ci gaba da zaton tsohon bai duba ba. Na ce mun janye aikin daga mujallar, kamar yadda Baffa ya umarce ni. A ƙarshe na yi masa gaisuwa irin tamu, na ce ya yi haƙuri da rashin da aka yi, Allah ya ba shi dangana. Likita ya karanta ya ce ba a saba aika irin wannan ta hannun edita ba, mutumin zai rasa yadda zai yi da ita. Na ce mu ma haka, a aika.

Littafin yana nan cikin gafakarsa, ba a buga ba, ba kuwa za a buga ba. Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya duba littafinsa da sassaucin da shi bai taɓa yi wa nasa ba.